Kafin Ka Ce "Ita Ce Ta Ɗaya a 1985": Yadda Ake Haɗa Shirin Jerin Tsofaffin Waƙoƙi a Rediyo

Shirin da ake jero tsofaffin waƙoƙi daga ta goma a gangaro har zuwa ta ɗaya yana da farin jini, ga shi kuma ba ya cin kuɗi. Shi ya sa tashoshin FM da dama suke son irinsa a ranakun Asabar da Lahadi. Abin da matasan masu gabatarwa ba su cika lura da shi ba shi ne, duk lokacin da ka buɗe baki ka ce "wannan ita ce ta ɗaya a shekarar 1985", ka bar fagen nishaɗi ka shiga na tarihi. Akwai dattijon da ke sauraronka a bakin shago, shi ya sayar da kaset a waccan shekarar. Akwai kuma yaron da zai haddace maganarka ya kai ta makaranta. Na farkon zai raina ka, na biyun zai yaɗa kuskurenka. Na daɗe ina aikin haɗa irin waɗannan shirye-shirye, daga ɗakin ajiyar faya-fayai har zuwa teburin furodusa, kuma ga yadda nake ganin ya kamata a yi shi.

Da farko ka san inda salon ya fito, domin a nan matsalar take. A Amurka, Casey Kasem ya fara shirin American Top 40 a watan Yulin 1970, yana karanto jerin mujallar Billboard, wanda ita kuma ta fara fitar da shi da sunan Hot 100 tun watan Agustan 1958. Har gobe akwai tashoshin da ke maimaita tsofaffin shirye-shiryensa kamar yadda aka naɗe su. A Birtaniya jaridar NME ce ta fara buga jerin a watan Nuwamban 1952, ta hanyar buga waya ga shaguna kusan 20 ana tambayarsu faifan da ya fi tafiya. Shirin Pick of the Pops na BBC, wanda yanzu yake komawa baya ya ɗauko jerin wani mako na wata shekara, a kan irin waɗannan takardu yake tsaye. Wato su idan sun ce ta ɗaya, akwai shafin da za su buɗe su nuna maka.

To amma ko su ɗin ba su tsira ba. Kafin watan Fabrairun 1969 babu jeri guda da kowa ya yarda da shi a Birtaniya. NME na da nata, jaridar Melody Maker na da nata, jaridar Record Retailer na da nata, ita kuma BBC sai ta haɗa su ta fitar da matsakaici. A farkon 1963 waƙar ƙungiyar mawaƙan Beatles mai suna "Please Please Me" ta hau mataki na ɗaya a jerin NME da na Melody Maker da na BBC, amma a na Record Retailer ta tsaya a na biyu. Daga baya da aka zo rubuta tarihi sai aka ɗauki na Record Retailer a matsayin na hukuma na shekarun 1960 zuwa 1969, alhali shagunan da take tambaya a lokacin ba su kai na NME yawa ba. Sakamakon haka, mutanen da suka ji da kunnensu an ce ita ce ta ɗaya a rediyo, yau littattafai na gaya musu ta biyu ce. Har kundin da aka fitar a 2000 na waƙoƙin ƙungiyar da suka kai mataki na ɗaya bai saka ta ba. Idan masu takarda suna irin wannan jayayya, ina ga mu?

Mu ba mu taɓa samun mai ƙirga mana ba. A zamanin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos babu wata mujalla da ke zagaya shagunan Kano da Kaduna da Sakkwato duk mako tana rubuta adadin faifan da aka saya. Da kaset ya zo ma abin ya ƙara dagulewa, don kwafi ɗaya na asali yana iya haifar da ɗaruruwa a bayan shago. Jerin TurnTable na Nijeriya sai a 2020 ya fara, shi ma abin da ya bi ta intanet da gidajen rediyo da talabijin yake ƙirgawa. Waƙar da aka tura daga kwamfutar mai shago zuwa memori, ko daga waya zuwa waya, ba ta bar sawun da za a ƙirga ba. Saboda haka matakin farko, kafin ka zaɓi waƙa ko ɗaya, ka yanke wa kanka hukunci a kan abin da lambar nan taka take nufi, kuma ka faɗa wa masu sauraro a farkon kowane shiri. Ko dai zaɓinka ne kai da abokan aikinka, ko ƙuri'ar masu sauraro ce ta yau, ko kuma ƙoƙari ne na gano abin da ya yi tashe a waccan shekarar bisa hujjojin da ka tattara. Dukkansu halas ne. Abin da bai halatta ba shi ne ka yi na farko ka sayar da shi da sunan na uku.

Ni na ukun na fi so, shi ne kuma mai wahalar, don haka a kansa zan tsaya.

Ka fara da gidan da kake aiki. Idan tsohuwar tasha ce, ka nemi mai kula da laburare ya buɗe maka tsofaffin takardun shirye-shirye, waɗanda furodusa ke rubuta sunan waƙa da mawaƙi da tsawonta kafin a shiga sutudiyo. Mafi tsada a cikinsu su ne na shirye-shiryen zaɓe, wato na gaishe-gaishe da zaɓen waƙa. Tun da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma muryarsa ke kai wa har Nijar da Kamaru da Gana, katin zaɓe shi ne abu mafi kusa da ƙuri'a da muka taɓa samu. Mutum ya sayi kati da kuɗinsa, ya rubuta sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya aika. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka har ƙungiyoyi suka haifar a garuruwa. Sai dai ka yi hattara da abu biyu. Sau da yawa mai katin gaisuwarsa ce ta dame shi, waƙar kuwa mai gabatarwa ne ke zaɓa. Sannan abin da tashar gwamnati ta saka ba shi ne duk abin da gari ke ji ba, akwai waƙoƙin da ba su taɓa shiga rediyo ba amma kowane direba ya haddace su.

Daga nan sai kasuwa. A Kano ka nufi tsofaffin dilolin kaset na Ƙofar Wambai da wajajen Bata, a garinku ma ba za ka rasa irinsu ba, ko da sun koma sayar da caja da murfin waya. Yadda za ka yi tambayar shi ne komai. Idan ka ce "Baba, wace waƙa ce ta fi fice a lokacin Shagari?", zai ambato maka wadda ake ganin girmanta, wadda ba zai ji kunyar faɗa a gaban yaransa ba. Ka ce masa, "Baba, wane kaset ne kuke kwana kuna kwafa saboda ba ya kai la'asar a kan tebur?" Amsar takan bambanta, wani lokaci har ya yi dariya kafin ya faɗa. Wannan ba halinmu ne mu kaɗai ba. Shekara da shekaru Billboard na dogara da abin da masu shaguna suka faɗa da baki, sai a 1991 aka koma ƙirgawa da na'urar da ke karanta lambar jikin kaya a wurin biyan kuɗi. Nan take waƙoƙin rap da na mutanen karkara da ake kira country suka yi sama. Ashe da ma ana sayensu, ba a dai faɗa ne.

Kada ka tsaya ga maza. Abin da ake yi a cikin gida ranar biki da suna, kiɗan ƙwarya da amada irin na su Barmani Choge, wani jeri ne mai zaman kansa wanda mai shago a kasuwa bai san nauyinsa ba. Ka zauna da gwaggoninka ko ka tura abokiyar aikinka ta zauna da su. Haka tsofaffin direbobin tasha, da masu ba da hayar lasifika, da masu shayi da rediyonsu ba ya mutuwa. Ga shekarun finafinai kuma aikin ya ɗan yi sauƙi, don mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, kafin ita akwai Tauraruwa, kuma tallace-tallacen da ke cikinsu da wasiƙun masu karatu suna nuna maka abin da ake yayi wata bayan wata.

Idan ka tara, ka yi lissafi mai sauƙi. Kowace waƙa ka ba ta layi a littafi, ka rubuta majiyoyin da suka ambace ta ba tare da kai ka fara ambata musu ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ginshiƙi, don in ka ce "ita wance fa?" kowa zai ce "ai ta yi tashe ƙwarai". Wadda ta fito a takardar tasha, dila ya ambace ta, mata suka ambace ta, ita ce a sama. Wadda mutum ɗaya ne ya tuna da ita, a ajiye ta sai an samu na biyu. Kuma ka taƙaita yankinka. Abin da ya kama Sakkwato da Gusau na kiɗan kotso da na 'yan dambe ba lallai ya kama Jos ba, na Damagaram da Maraɗi ma da nasu launin. Gara ka ce "a Kano da kewaye" ka yi gaskiya, da ka ce "a ƙasar Hausa" ka yi shaci-faɗi.

Yanzu sai babban aikin, wato sanya wa waƙa shekara. A nan ne mafi yawan shirye-shirye ke zubewa.

Ranar da aka ɗora waƙa a YouTube ba ita ce ranar da aka yi ta ba. Shafin kansa a 2005 aka kafa shi, Shata kuwa ya rasu tun 1999. Yawan waɗanda suka kalle ta a can ma son da ake mata yau yake nunawa, ba na jiya ba. Abin da za ka dogara da shi na farko shi ne jikin faifan ko kwalin kaset na asali, in an samu, musamman na kamfanoni irin su EMI da ke buga lamba da shekara. In babu, sai ka koma cikin waƙar da kanta, ka saurare ta da biro a hannu. Makaɗan Hausa ba sa waƙa a sarari, suna ambaton mutane da muƙamansu da kuɗi da garuruwa, kuma kowanne daga ciki alama ce.

Ga kaɗan daga ma'aunan da nake aiki da su. Naira da kwabo sun fara aiki ran 1 ga Janairun 1973, don haka in mawaƙi ya ce an ba shi naira kaza, naɗin bai girmi wannan lokaci ba. Amma kishiyar haka ba ta tsayawa: jin "fam" ko "sule" ba ya nuna waƙar ta girmi 1973, don mutane sun ci gaba da kiran naira biyu fam, kwabo goma sule, shekaru masu yawa bayan canjin. Komawa tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972 aka yi. Jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976. In ka ji "Jihar Katsina", to daga Satumban 1987 ne zuwa sama. Jigawa da Kebbi da Yobe 1991, Zamfara da Gombe da Nasarawa 1996. In an kira Audu Bako gwamna, kana tsakanin 1967 da 1975. Abubakar Rimi 1979 zuwa 1983. Balarabe Musa a Kaduna ya fi su taƙaita maka, don daga 1979 ne zuwa tsakiyar 1981. In ana yi wa Sardauna addu'ar rahama, bayan Janairun 1966 ne, Murtala kuma bayan Fabrairun 1976. Sarautu ma haka: wanda aka waƙe yana Ciroma ko Ɗan'iya, ka binciki shekarar da ya hau gadon gidansu, ka samu iyaka ta sama.

Sai dai duk wannan shekarar naɗin yake ba ka, ba shekarar haihuwar waƙar ba. Makaɗin gargajiya ba ya yin waƙa sau ɗaya ya rufe. Gindin waƙar na nan, amma 'ya'yanta suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wurin da aka yi ta da waɗanda ke zaune. Bakandamiyar Shata kaɗai naɗe-naɗenta sun fi ɗaya, kowanne da abin da ya ƙunsa. Saboda haka kana iya jin naira a cikin waƙar da aka fara yi tun ana kashe fam. Abin yi shi ne ka tara duk naɗin da za ka iya samu, ka jera su, ka ga wanne ne mutane suka sani a shekarar da kake magana a kai. Malaman jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa a kan tarihin makaɗa, akwai kuma kundayen ɗalibai jibge a sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo. Yini guda a can ya fi mako guda a intanet.

Tunanin mutane kuwa da Sallah yake tafiya, ba da Janairu ba. Za a ce maka "fim ɗin ƙaramar Sallah ne, shekarar da aka yi kaza". Ka riƙa tambaya, azumin na zafi ne ko na sanyi, an yi ruwa ko ba a yi ba, sannan ka duba kalanda. Ka kuma sani cewa a shekarar 2000 sau biyu aka yi ƙaramar Sallah, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Wannan shekarar tana tsakiyar lokacin da waƙoƙin fim suka fara mamaye gari, don haka wanda ya ce maka "Sallar 2000" bai gama ba ka amsa ba tukuna. Sannan ka bambance shekarar fitowa da shekarar tashe. Waƙar da ta fito a Nuwamba, ƙarfinta yakan faɗa cikin shekara mai zuwa. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ni shekarar tashe nake bi, in ya so na ambaci ta fitowa da baki.

A waƙoƙin fim akwai wani zalunci da ya zama jiki, wato kiran waƙa da sunan jarumin da ya hau ta. Shi baki kawai ya motsa a gaban kyamara. Wanda ya rubuta daban, waɗanda suka rera daban, mai fiyano daban, kuma da yawansu, musamman matan, har yau ba a san fuskokinsu ba. Sunan da ke jikin fayil ɗin da ka karɓo wurin masu turi kada ka yarda da shi ko kaɗan, yaron shago ne ya rubuta abin da zai sa a saya. Ka nemi fim ɗin, ka wuce zuwa ƙarshe inda ake jero sunaye, ka kwafo. In babu a can, tsofaffin masu sutudiyo suna nan da ransu, kuma suna jin daɗi a tambaye su.

Da ka tabbatar da waƙa da shekararta, saura ka tabbatar da cewa abin da za ka saka shi ne abin da kunnuwa suka ji a lokacin. 'Ya'yan makaɗa da yaransu sukan sake rera waƙoƙin iyayen gidansu, wani lokaci muryar har ta so ta yi kama. Mawaƙan zamani kuma sukan sake buga tsohuwar waƙarsu da sabon kiɗa. Sabon ya fi tsabta, shi ya sa hannu ke saurin kai wa gare shi, amma wanda ya yi zamanin daga bugun farko zai gane ba ita ba ce. In dole ce ta sa, ka faɗa.

Tsohon kaset kuma sai an lallaɓa shi. Kafin ka saka, ka zura biro a ramin ka juya zaren a hankali daga farko har ƙarshe, don wanda ya daɗe a ajiye yakan manne, rikoda ta tauna shi. Ka duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, in ya faɗi sauti zai fito a dishe. Ka goge kan rikodar da auduga da ɗan sifirit, za ka ga audugar ta yi ja. Sannan ka saurari muryar da kyau. Yawancin naɗin da aka yi a wurin biki da rikoda mai batir aka yi shi, in batirin ya yi sanyi zaren na tafiya a hankali, ranar da ka saka shi a na'ura mai lafiya sai waƙar ta riƙa gudu, muryar dattijo ta koma ta saurayi, kalangu ya riƙa ƙara kamar gwangwani. Ka gwada da wani naɗin mawaƙin da ka amince da shi, ka rage gudun a kwamfuta har su daidaita. Shuuu ɗin da ke bayan sauti kuwa kada ka matsa wajen share shi, in ka wuce gona da iri da shi za ka kwashe amon ganga.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke tilasta zaɓe. Shirin awa ɗaya, in ka cire labarai da talla da surutunka, da wuya ka tsira da minti 45. Waƙar fada ko ta noma guda ɗaya tana iya cinye sulusin wannan. Ko American Top 40 sai da aka ƙara masa tsawo daga awa 3 zuwa 4 a 1978 saboda waƙoƙi sun ƙara tsayi. Kai ba za a ƙara maka ba, don haka ko dai ka rage jerin zuwa biyar, ko ka yanka. In za ka yanka, ka bari mawaƙi ya dire ɗan da ya ɗauko, 'yan amshi su karɓa su koma gindi, sannan ka janye sautin a hankali. Yanke waƙa a tsakiyar yabon mutum, an ambaci sunansa ba a kai ga na mahaifinsa ba, rashin ladabi ne, kuma iyalinsa na ji. Waɗanda ba za ka samu sakawa ba ka ambace su a matsayinsu: ta takwas ita ce kaza, ta bakwai kaza, ga ta shida. Kada ka ɗaga ta bakwai ka mai da ita ta biyar don kawai ka cike gurbi.

Haka za ka yi da waƙar da ba ta sakuwa. A kowane zamani akwai wadda ta yi tashe amma cike take da batsa, ko zambo ga mutumin da jikokinsa ke garin, ko kuma ta siyasa ce da za ta tayar da tsohon miki, balle in zaɓe ya matso. A 1977 BBC ta ƙi saka waƙar ƙungiyar Sex Pistols da ta taɓa Sarauniya, amma waƙar na nan a mataki na biyu a jerin hukuma, ba a goge ta ba. Ƙin sakawa haƙƙin tasha ne, goge ta daga tarihi kuwa ba haƙƙin kowa ba ne. Ka ce "ta huɗu a wannan shekara waƙar wane ce, ba za mu saka ta ba saboda abin da ta ƙunsa", ka wuce. Manya za su gane, yara kuma ba ka koya musu komai ba.

Wani abin da ake sharewa da gangan, ni kuma yana ba ni haushi, shi ne waƙoƙin da ba na Hausa ba. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda waƙoƙin finafinan Indiya suka riƙe gidaje da silima, ga na Sudan, ga na Kwango. Ga kuma waƙoƙin bege da na mandiri, waɗanda kasuwar kasetinsu ba ƙarama ba ce. In sunan shirinka "waƙoƙin gargajiya", ba laifi ka bar su. In kuwa ka ce "abin da gari ke ji a 1982", sannan ka jero makaɗan fada goma reras, ka zana garin da kake so ne, ba wanda aka yi ba.

Matsin lamba zai zo, kuma ba daga inda kake zato ba. An taɓa aiko mini ɗan saƙo da ambulan daga wani mai hali, buƙatarsa ɗaya ce, waƙar da aka yi wa mahaifinsa ta zama ta ɗaya a shirin makon. Waƙar kuwa mai daɗi ce, ta ma cancanci shiga jerin, a wajen ta bakwai. Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce a tura irin wannan sashen talla: ya ɗauki nauyin wani fili daban, a saka waƙar cikakkiya, a ce wane ne ya ɗauki nauyi, jerin kuma a bar shi yadda yake. Amurka ta sha wannan rikici a 1959 da 1960, lokacin da majalisa ta binciki masu gabatarwa da ke karɓar kuɗi a ɓoye don su saka faifai, abin da ya kawo ƙarshen tashen shahararren mai gabatarwa Alan Freed, kuma dokar da ta biyo baya cewa ta yi in an biya a faɗa.

In ka zaɓi hanyar ƙuri'a, lamba ɗaya ƙuri'a ɗaya, ka kuma rufe karɓa kwana guda kafin shiri. Ƙungiyoyin masoya mawaƙa suna da haɗin kai a WhatsApp fiye da yadda kake tsammani. Ka tuna kuma masu tura saƙo yawanci matasa ne, tsohuwar waƙar da suka sani ita ce wadda TikTok ya farfaɗo da ita. Sakamakon zai gaya maka wadda ta rayu, ba wadda ta yi mulki a zamaninta ba, don haka sunan da ya dace da shi shi ne "zaɓinku na yau daga waƙoƙin jiya".

A gaban makirfo, kalmominka su yi daidai da ƙarfin hujjarka. In shekarar a rubuce take a jikin faifai, ka faɗe ta kai tsaye. In daga cikin waƙar ka ciro ta, ka ce "an naɗe ta tsakanin 1979 da 1983, don za ku ji yana kiran Rimi gwamna", masu sauraro suna son irin wannan, har su riƙa kasa kunne su ji wurin. In daga bakin mutane ne, ka ce "dilolin kaset da muka zanta da su sun haɗu a kan cewa". Ka bar layin waya a buɗe minti biyar na ƙarshe don gyara. Wanda ya kira ya ce ba haka ba ne, kada ka yi musu da shi a iska, kada kuma ka sallama masa nan take. Ka tambaye shi, "Alhaji, a ina ka fara jin ta, kana wane aiki a lokacin?", ka karɓi lambarsa a bayan fage. Irin waɗannan masu kiran su ne ke da akwatunan kaset a ƙarƙashin gado. In ya tabbata shi ke da gaskiya, mako mai zuwa ka gyara a farkon shiri, ka ambaci garinsa.

Kowane fayil da ka kammala ka sa masa suna iri ɗaya: mawaƙi, waƙa, shekara ko tsakanin shekaru, da inda ka samo naɗin. Littafin nan na majiyoyi ka riƙa ɗaukar hoton shafukansa da waya duk mako. Ka ajiye kwafi ɗaya a tasha, ɗaya a gida, don kwamfutar sutudiyo hannu da yawa ke taɓa ta, kuma ranar da ta lalace mai gyara goge komai zai fara yi.